Ƙararrawar gano gubar garwashi: abin da na gani bayan mun ci hunturu da ita a Jos

Duk gidan da ake kwana da kaskon garwashi a ɗaki lokacin sanyi, ko ake tayar da janareta a tsakar gida, ina ba su shawara su mallaki wannan na'ura. Kuma su sayi mai allo, wadda ke nuna lamba, kada su tsaya ga mai ƙara kaɗai. Ra'ayina ke nan bayan mun ci hunturu da damina da ita a gidanmu da ke Unguwar Rogo. Tana da nakasu, zan faɗe su, kuma akwai aikin da mutane ke ɗora mata wanda ba nata ba ne.

Na'urar ƙararrawa ce mai gano iskar kabon monoksaid. Fara ce ta roba, girmanta bai wuce tafin hannu ba, tana cin batir biyu irin na agogon bango. A fuskarta akwai ɗan allo, da maɓalli guda, da ƙananan fitilu uku: kore, ja da rawaya. A wani shagon kayan lantarki da tukwanen kashe gobara na same ta, can wajen Terminus, kuma kuɗinta a lokacin ya yi kusan na buhun gawayi biyu. Da na yi wa mai shagon bayani, ta hayaƙi ya fara miƙo mini, sannan ya ɗauko ta gas. A kula da wannan, domin na'urori uku ne masu kama da juna. Ta hayaƙi gobara take ganowa. Ta gas tana gano yoyon tukunyar gas ɗin girki. Wadda nake nufi ita ce mai haruffan CO, wato kabon monoksaid a taƙaice, a jikinta, kuma a bayan tawa an buga EN 50291, wato ƙa'idar da ƙasashen Turai suka gindaya wa irin waɗannan na'urori. Na Amurka UL 2034 ake buga musu. Wadda babu ko ɗaya daga cikin biyun nan a jikinta, ni ba zan rataya ta a inda 'ya'yana ke kwana ba.

Dalilin sayen ta ɗakin Hajiya ne, mahaifiyar maigidana. Wanda ya san Jos ya san abin da Disamba da Janairu suke yi wa tsofaffi. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, wasu darare sanyi kan sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka, ga wuta ba tabbas. Tun kafin a kawo ni gidan, Hajiya ba ta kwanciya sai an shigar mata da kasko, an rufe taga, an toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Da safe takan ce kanta na sara mata, mu ce sanyi ne ko hawan jini. Ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta zo kwanan biki ta ga kaskon, ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, wannan ciwon kan na Hajiya, ku duba garwashin nan kafin ku sake sayen magani."

Da na kai maganar, Hajiya ta amsa mini da abin da kusan kowa ya yarda da shi. Ta ce, "Ke 'yar nan, ai a waje ake hura shi. Sai ya ruru, hayaƙin ya ƙare tas, sannan a shigo da shi. Me ya rage?" To, a nan kuskuren yake, kuma shi ne ya fi damuna, domin mutane masu hankali da tsafta ne ke yin sa. Hayaƙin da ido ke gani daban, kabon monoksaid daban. Ita ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Tana fitowa ne duk inda abu ya ƙone ba tare da isasshiyar iska ba: gawayi, itace, kananzir, fetur, gas, taba. Jan garwashin da ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita har ya zama toka, kuma idan ɗakin a rufe yake, iskar oksijin na raguwa, ƙonewar na ƙara lalacewa, gubar na ƙara yawa.

Abin da take yi a jini shi ya sa na fahimci yadda na'urar ke aiki. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai himogulobin, shi ke ɗauko oksijin daga huhu ya raba wa sassan jiki. Kabon monoksaid na manne masa da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Kamar fasinjan da ya kame kujera a motar haya ne ya ƙi sauka, mai kujerar na tsaye a tasha. Zuciya da ƙwaƙwalwa su ne suka fi buƙatar oksijin, don haka su ke fara jin jiki. Likitoci na auna yawan himogulobin da gubar ta kama a matsayin kashi cikin ɗari. Wanda ba ya shan taba yawanci yana ƙasa da kashi 2 ko 3, kuma ɗan kaɗan daga ciki jiki ne da kansa ke samarwa sa'ad da yake rushe tsofaffin ƙwayoyin jini. Daga kashi 10 zuwa 20 ciwon kai kan fara. A wajen 30 zuwa 40 ana ganin amai, jiri da ruɗewa. Daga 50 zuwa sama suma ce da mutuwa. Ƙanwata ta ja kunnena cewa waɗannan lambobi ba su cika tafiya daidai da halin da marar lafiya ke ciki ba, wani yana galabaita da ƙaramar lamba, musamman mai ciwon zuciya.

Daren farko da na rataya ta a ɗakin Hajiya, ban hana shigar da kasko ba. Na zauna tare da ita muna hira, idona na kan allo. Sifili ya daɗe a kai. Can lamba ta bayyana, ta haura 30, ta haura 60, babu ƙara. Sai da ta wuce 100 ta ɗan jima a can, sannan jar fitila ta kama walƙiya, na'urar ta tsala ihun da ya fito da maigida daga ɗakinsa babu takalmi. A ɗakin ba hayaƙi ko kaɗan, sai ɗumi mai daɗi. Muka fitar da kasko, muka buɗe ƙofa da taga, lambar ta riƙa sauka a gaban idon Hajiya har ta koma sifili. Ba ta ce komai ba a daren. Washegari da kanta ta ce a riƙa ɗumama ɗakin tun da yamma, taga a buɗe, a fitar da wutar kafin isha'i. Na ƙara mata bargo, na saya mata robar ruwan zafi da safa mai kauri. Ciwon kan asuba ya ragu sosai. Allon ne ya yi wannan aikin. Da mai ƙara kaɗai na saya, da an ce na'urar Bature ce ta lalace.

Jinkirin da ta yi kafin ta yi ƙara shi ne abin da mutane suka fi zargin ta da shi, kuma da gangan aka yi ta haka. Lambar da ke allo ana kiranta ppm, wato kashi nawa ne na gubar a cikin kashi miliyan na iska. Bisa ƙa'idar EN 50291, idan iskar ta kai 50, na'urar za ta yi ƙara tsakanin minti 60 da 90. Idan ta kai 100, tsakanin minti 10 da 40. Idan ta kai 300, cikin minti 3. An tsara haka ne domin gubar ba ta cika jini nan take, taruwa take yi. Kaɗan na tsawon dare zai iya kai mutum inda mai yawa na ɗan lokaci zai kai shi. Na'urar tana lissafa yawa da daɗewa tare, tana kwaikwayon abin da ke faruwa a jinin babban mutum mai lafiya.

A nan iyakarta take, kuma ina son mata 'yan'uwana su riƙe wannan. Ta san yawan gubar, ta san tsawon lokaci, amma ba ta san wanda ke shaƙa ba. Yaro ƙarami ya fi babba saurin numfashi, don haka ya fi saurin kwasa. Wanda ke aikin ƙarfi a wurin, ko guga da dutsen gawayi, ko tuƙa tuwo, ya fi na zaune shaƙa. Mai barci kuwa haɗarinsa shi ne ba ya jin ciwon kan da zai sa shi tashi ya fita. Mai juna biyu matsalarta biyu ce: himogulobin ɗin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe gubar, kuma ya fi jinkirin sakin ta, sai uwa ta warware alhali na ciki bai warware ba. Jariri sabon haihuwa yana ɗauke da irin wannan himogulobin na wasu watanni. Duk sanda na shiga barka na tarar da ɗakin mai jego a rufe ruf, garwashi a lungu, jariri a naɗe kusa da shi, hankalina kan tashi, kuma yanzu ba na jin nauyin faɗa. Mai ƙarancin jini da mai sikila ba su da rarar himogulobin da za su yi asara, mai sikila ma jininsa kan ɗan fi na sauran mutane wannan iska tun asali, saboda yawan fashewar ƙwayoyin jininsa. Sannan ga tudun Jos kansa: iskar nan ta fi ta Abuja ko Legas ƙarancin oksijin a kowane numfashi, ba sosai ba, amma ga mai ciwon zuciya ko huhu ƙari ne a kan ƙari. Idan da ɗaya daga cikin waɗannan a ɗakin, ban jiran ƙara. Da na ga lamba ta bar sifili tana hawa, buɗe taga nake yi.

Turaren wuta ma na gwada, domin na san za a tambaye ni. Ɗan garwashi ɗaya ko biyu a kaskon turare, ƙofa a buɗe, allon bai cika motsi ba. Amma yadda muka saba yi, a cika kasko, a rufe ko'ina don ƙamshi ya kama labule da kaya, lambar na hawa. Ban daina turare ba. Ina turara ɗakin babu kowa ciki, in fitar da wutar, in bar iska ta ratsa kafin yara su shiga. A kicin kuwa, kurfoti ya fi komai tayar da lamba, sai risho idan lagwaninsa ya lalace. Gas mai shuɗiyar wuta bai ba ni matsala ba. Idan wutar gas ta koma rawaya tana baƙanta gindin tukunya, alama ce ƙonewar ba ta cika, a wanke kan murhun ko a kira mai gyara. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kayan girki suka yi tsada, gidaje da yawa a unguwarmu sun koma gawayi, wasu kuma cikin ɗakin kwana suke girkin idan ruwa ya sauko. Masu kiwon kaji, waɗanda Jos ke da su da yawa, suna ɗumama 'yan tsaki da gawayi a ɗaki mai rufi da leda, wani yaron gona ma a nan yake kwana don ɗumi. Mai gona da ke karanta wannan, kuɗin na'urar bai kai asarar da kake yi a mako mara kyau ba.

Akwai abin da ba za ta taɓa gaya maka ba, shi ne abin da ke cikin jinin mai shan taba. Ƙanin maigida yana shan shisha, kuma yana cikin masu cewa ruwan tulun yana tace komai. Ya ce mini, "Anti, kawo na'urar taki ɗakina ki gani." Na ba shi. Su uku suka zauna, taga a rufe saboda sanyi, kuma ta yi ƙara kafin su tashi. Ruwa ba ya tace kabon monoksaid, kuma yawancinta daga garwashin da ake ɗorawa a kan shishar take fitowa, mutum kuma yana zuƙar ta kai tsaye zuwa huhu na tsawon awa ko fiye. Shi ya sa ko wadda aka ce ba taba a cikinta ba ta tsira ba. Abin da allon ya nuna na iskar ɗakin ne kawai, na jininsu ya wuce haka. Mai shan sigari kan kasance tsakanin kashi 3 da 10 cikin ɗari a kullum, mai sha sosai yana iya wuce haka. Na'urar da ke bango za ta nuna sifili alhali mutumin da ke zaune ƙarƙashinta yana yawo da kashi 8. Irin wannan in ya kwana da garwashi, daga 8 ɗin zai fara hawa, ba daga 1 ba. Waɗanda ke zaune da mai shan taba a rufaffen ɗaki su ma suna samun rabonsu, ko da bai kai nasa ba. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne wanda ya daina sha, cikin kwana ɗaya zuwa biyu jininsa kan koma kusan na wanda ba ya sha, ta fuskar wannan iska dai.

Fitar gubar daga jini tana da nata lissafi. A iskar Allah ta waje, rabinta kan fita cikin awa 4 zuwa 6. Idan aka sa wa mutum oksijin zalla a asibiti, lokacin kan ragu zuwa kusan awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Ma'ana, allon ya koma sifili ba ya nufin jini ya koma daidai. Madara da manja da ake ɗura wa wanda ya sha guba ba sa taɓa wannan, ta huhu ta shiga, ta huhu za ta fita, kuma ɗura wa wanda ya suma abu a baki na iya shaƙe shi. Idan na'urar ta yi ƙara kuma wani yana amai, ko ruɗewa, ko ciwon ƙirji, ko ya suma, ko mai ciki ce, a fitar da kowa waje a tafi asibiti. A faɗa wa likita a fili cewa garwashi ne ko janareta, domin alamominta sun yi kama da na maleriya da taifot. Abin da ke bambanta su: mutanen ɗaki ɗaya su kamu lokaci guda, babu zazzaɓi, kuma su ji sauƙi idan sun fita. Ƙanwata ta ƙara mini wani abu da ban taɓa ji ba. Ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin, wanda ya yawaita a kemis tun zamanin korona, ba ya bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda gubar ta kama. Zai iya nuna 98 alhali mutum na cikin haɗari. Kuma wanda ya sha ta da yawa a sa masa ido na wasu makonni, domin mantuwa ko sauyin hali kan iya biyo baya bayan an ɗauka ya warke.

Janareta ban ma tsaya gwaji da shi ba, abin da na'urar ta nuna da kanta ya isa. Wani dare na damina maƙwabcinmu ya jawo nasa ƙarƙashin rumfa don gudun ruwa, salansar na fuskantar tagar ɗakin yara. Lokacin na mayar da na'urar can. Da safe na danna maɓalli, ta nuna mini lamba mafi girma da ta gani cikin dare, ta haura 40. Wannan ajiyar lamba na daga abubuwan da na fi so a jikinta. Na nuna wa maigida, ya yi wa maƙwabcin magana cikin mutunci, aka juya injin. Shawarar masana ita ce janareta ya yi nisan aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Na san a gidajen haya na cikin gari, ga matsi ga ɓarayi, wannan da wuya. Amma zaure, da baranda mai rufi, da ƙarƙashin bene, da shago bayan an ja ƙofa, ba wurin injin ba ne ko na minti goma.

Nakasunta kuwa ga su. Takardar bayanin da Turanci ce kawai, rubutun ƙanana ƙwarai, Hajiya ba za ta taɓa sanin bambancin jar fitila da rawaya ba in ba a zauna an koya mata ba. Ƙarar da take yi idan batir ya yi sanyi 'yar tsiwa ce jefi-jefi, ta fi son tsakar dare, kuma irinta ce ke sa mutane su cire batir su manta. Allon ba ya haske sai an danna. Tawa ba ta nuna komai sai iskar ta kai 10, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicin abin da mutum ke shaƙa cikin awa 8 ya wuce kusan 9. Don haka na'urar ceton rai ce daga babban haɗari, ba ma'aunin tsaftar iskar kicin ba ce, mace mai girki da itace kullum tana iya shaƙar abin da zai dame ta allon na nuna sifili. Maɓallin gwaji kuma batir da ƙararrawa yake gwadawa, ba ya tabbatar da cewa hancin na'urar na ji. Kada a kai ta bakin salansar mota don gwaji, hakan na iya lalata ta. Ƙurar hunturu na toshe ramukanta, ina goge ta da busasshen ƙyalle, kuma ba na fesa maganin sauro ko turare kusa da ita.

Sannan tana mutuwa. Sinadarin da ke cikinta na aiki shekara 5 zuwa 10 gwargwadon iri, bayan nan ko fitila na kamawa ba abin dogaro ba ce. Wannan ya fi komai muhimmanci a kasuwarmu, inda kaya kan daɗe a kanta, ga kuma na gwanjo da ake zubawa a ƙasa. Na ga wasu a tire ba kwali, ba kwanan wata, da arha mai jan hankali. Ban saya ba.

Wurin ratayawa: a ɗakin kwana, daidai tsayin kan mai barci ko sama kaɗan, ba bayan labule ba, ba jikin taga ba, ba cikin banɗaki ba. Idan a ɗakin da wutar take ne, a ba ta tazarar mita 1 zuwa 3. Ƙararta ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, tana tayar da mai barci a ɗaki ɗaya, amma a gida mai sassa irin namu guda ɗaya ba ta isa ba. Ta ɗakin Hajiya ba ta san abin da ke faruwa a ɗakin yara ba, shi ya sa na koma na ƙaro ta biyu. Shagon bai ba da garanti ba, rasit ma sai da na nema. Wanda zai saya ya tafi da batir ɗinsa, ya sa a buɗe kwalin a gabansa, ya danna maɓalli ya ji ƙarar, ya juya bayanta ya karanta shekarar da aka ƙera ta da shekarar da za ta daina aiki kafin ya biya.